Bishiyar Kuɗi a Gindin Tsamiya

Kullum da safe sai na ba ƙanena Kamdi abinci kafin in sa wa cikina komai, alhali shi yana can ƙauyenmu Nong Sim, ya miƙe ƙafa gaban kwandon shinkafar Inna. Kamdin da nake ciyarwa yana zaune ne cikin wasu 'yan farantan roba, a ɗakin binciken wata malamar jami'a, Ajan Sirinat, da ke birnin Khon Kaen. Jininsa aka ɗiba shekarun baya, Ajan ta yi ta lallaɓa ƙwayoyin har suka koma ƙwayoyin tushe, irin waɗanda idan an iya da su sai su zama jini ko ƙashi ko tsoka. Ni aikina in zuƙe musu ruwan jiya, in zuba sabo, in leƙa su ta madubin ƙara girma, in mayar da su akwatin ɗumi. Ba su san Lahadi ba, ba su san bikin sabuwar shekara ba. Ka yi musu fashin kwana biyu, ka dawo ka tarar sun yi zuciya sun lalace. Mu dai a ɗakin “yara” muke ce musu, kuma na rantse sun fi yaran gaske wuyar sha'ani, don su ko kuka ba sa yi balle ka san abin da ke damunsu.

Da talasimiya aka haifi Kamdi, ciwon jinin nan na gado da ya cika yankinmu. Jikinsa ba ya iya yin jinin kirki, sai an ƙara masa na wasu duk wata. Ya haura talatin amma har yanzu ɗan firit ne, idanu rawaya-rawaya, ga baki kamar reza. Duk ranar da ya shigo birni ƙarin jini sai ya biyo ta wurinmu, ya manna goshi a gilashin ƙofa.

“Yaya Pan, na ƙoshi yau? Kar ki riƙa yi mini rowa fa, na san halinki tun muna yara.”

Burin Ajan ta gano yadda za a gyara lahanin da ke cikin ƙwayoyinsa, su riƙa yin jini mai kyau. Abin yana tafiya, amma tafiyar hawainiya. Ni dai ina son aikin nan, ba na ɓoyewa. Ɗaki mai sanyi, farar riga, ba mai daka mini tsawa, ga ƙanena a hannuna kullum. Ita kanta Ajan mutuniyar kirki ce, 'yar Bangkok, doguwa siririya, na ɗan girme ta shi ya sa take ce mini Yaya. Aibinta biyu ne: ba ta iya cin barkono ba, ba ta iya ƙarya ba. A yankinmu kuwa kowanne daga ciki nakasa ce.

Kuɗin gwamnati ne ke riƙe da mu, tun daga ruwan da yaran ke sha har albashina. Duk bayan 'yan shekaru Ajan takan je Bangkok ta yi wa masu rabon kuɗin bincike bayani, su gyaɗa kai, su sabunta mana. A wannan karon da ta dawo, ko jakarta ba ta ajiye ba ta zube a kujerata.

“Yaya Pan, sun sauya tsari.”

“Sun hana mu?”

“Ba su hana ba. Cewa suka yi kuɗin jama'a ne, to su ga hannun jama'a a ciki. Duk abin da mutanen lardin nan suka tara mana, gwamnati za ta ɗora nata a kai ninki-ninki. In ba su sa komai ba, ita ma ta naɗe hannu.”

“Yaran fa?”

“A daskarar da su a tura Bangkok. Su zauna a tukunyar sanyi har wani ya tuna da su.”

Na san tukwanen nan. Abin da ya shiga cikinsu ba a cika tunawa da shi ba. Na leƙa akwatin ɗumi na daɗe ina kallon farantan Kamdi.

Ajan ta sa siket ɗinta na siliki ta zaga masu kuɗin gari, mai injin cashin shinkafa, mai kamfanin sukari, mai dillancin motoci. Kowa ya ba ta shayi mai ƙanƙara, ya yaba aikinta, ya raka ta har mota yana murmushi, ya ce zai duba. Ta dawo da murnarta tana ba ni labari. Na ce, “Ajan, a nan in mutum ya ce zai duba, ya gama dubawa ke nan.” Wa'adin da aka ba mu kuwa jim kaɗan ne bayan girbi, ga shinkafa har ta fara sunkuyar da kai a gonaki.

Wani ƙarshen mako na sami mai riƙe mini yaran, na tafi gida raina a dagule. Inna ta gasa kaza, ta daka kwaɗon gwanda da daddawar kifi, muka baje tabarma a inuwar gida. Ƙamshin kazar ne ya jawo mai garinmu, Kawu Tongsuk, mutumin da hancinsa ya fi kunnensa aiki. Ina ba da labari yana dunƙula shinkafa yana dangwalawa, na ɗauka ma ba ya ji.

“Wannan ne ya hana ki cin abinci?” in ji shi. “Ai sai mu yi bikin sadakar nan ta zanen daji. Mun yi wa makaranta, mun yi wa motar asibiti, mun yi wa wurin ƙona gawa. A tsayar da bishiyar kuɗi, a kaɗa ganguna, a zaga haikali, shi ke nan.”

“Kawu, wannan ba rufin makaranta ba ne. Bincike ne. Ba a san ranar gamawa ba, ba a ma san ko za a dace ba.”

“Na ji, na ji. Miƙo mini cinyar nan.”

Inna ta taɓe baki. “Zanen daji na yanzu ai biki ne kawai. A zamanin kakata ba a miƙa wa kowa hannu da hannu. Sai a rataye zanen a reshen bishiya, bakin hanyar da malaman haikali ke bi, a yi gaba ba waiwaye. Wanda ya tsinta ya tsinta. Yanzu kuwa sai an ɗauki hoto, an kira sunan mutum a lasifika har kunne ya toshe.”

Kawu ya ce mata, “Zamanin kakarki lasifikar ce babu, Yaya. Da akwai, da ita ce kan gaba.”

Kamdi ya yi dariya har ya ƙware. Ni ma na ɗan saki rai, na ci abinci.

Washegari da sassafe ina wanke baki sai lasifikar da ke saman turken tsakiyar gari ta yi tari, muryar Kawu ta cika ko'ina.

“'Yan'uwa mutanen Nong Sim, albishirinku! Babbar likita ta Khon Kaen ta gano maganin ciwon jini! Saura ƙiris! Gwamnati ta ce mu sa hannu, kafin damina magani ya fito!”

Da kumfa a bakina na isa gidansa.

“Kawu, yaushe na ce haka?”

“Ke kin faɗi naki na 'yan boko, ni na faɗi nawa na mutane. Wa zai ɗaga katifa ya ciro kuɗinsa don ‘ba a sani ba’? Je ki wanke bakinki, yarinya.”

Na dawo gida ina huci. Amma kafin in kai ƙofa na yi lissafina: in na je na ƙaryata mai gari a bainar jama'a na zubar masa da mutunci, bishiya ba za ta tsaya ba, yara kuma su tafi tukunyar sanyi. Sai na ja bakina na yi shiru, ban gaya wa Ajan komai ba sai ranar biki da sa'a. Har yau kuma ban ce na yi laifi ba.

Labari ya bazu. Ƙauyukan maƙwabta suka ce da su za a yi. 'Yan garinmu masu tuƙin tasi a Bangkok suka aiko da nasu, masu aikin masana'anta a ƙasashen waje suka aiko. A yankinmu da wuya ka sami dangin da ba su da mai irin idanun Kamdi.

Ranar biki muka taso da hantsi a motar Ajan, muka bar wa wata ɗalibarta ciyar da yara. Tun daga kan kwanar shiga gari muke jin ganguna. An gama girbi, gonaki sun zama kara, sararin sama fes, iska mai ɗan sanyi. Bishiyar tana tsakiyar taro a kafaɗun maza huɗu. Kututturen ayaba ne aka dasa a bokiti, aka soke shi da tsinkayen gora ta ko'ina, kowane tsinke da takardar kuɗinmu na bat a bakinsa, kore da ja da shuɗi suna ta kaɗawa. A samanta an ɗaura farin zane. Tsofaffin mata sun sha hoda suna rawa a gaba, hannaye na lanƙwasa, Inna a cikinsu, ita da ta ce biki ne kawai. Kamdi yana gefe da kuge a hannu, don ganga ta fi ƙarfinsa, yana bugawa yana yi mini gwalo.

Ajan ta fito daga mota ta haɗa tafukanta tana gaishe da mutane, idanunta sun ciko. Aka rataya mata furanni, aka ɗaura mata farin zare a wuyan hannu har ya kusa kai gwiwar hannunta. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ce a raina mun tsallake.

Muna zagaye na biyu na haikali sai wata mata ta kutso ta kama hannun Ajan. Sunanta Lamduan, daga ƙauyen da ke bayan tafki, tana janye da 'yarta ƙarama mai ɗashasshiyar fuska.

“Likita, an ce kafin damina maganin zai fito. Na sa nawa, sarƙata na sayar. Ki tuna da fuskar 'yar nan, don girman iyayenki, a sa ta cikin na farko.”

Ajan ta dube ta, ta dubi yarinyar, sannan ta juyo ta dube ni. Ban taɓa jin sanyi irin na kallon nan ba. Ta ja ni bayan rumfar girki, inda hayaƙi da ƙarar turmi za su rufe maganarmu.

“Wa ya ce musu haka?”

“Kawu Tongsuk ne, a lasifika.”

“Kin sani?”

“Na sani.”

“Yaya Pan!”

“Ajan, ki saurare ni. Ba wanda ya ce ki yi ƙarya. Ki karɓa, ki yi godiya, ki yi murmushi a ɗauki hoto, mu koma. Haka kowa ke yi. Damina in ta zo mu san abin da za mu ce.”

“Matar nan sarƙarta ta sayar.”

“Ni kuma ƙanena ne a farantan can! Shekara nawa ina tashi da asuba saboda su? Ki bari a kai su tukunya don kawai ke bakinki ba ya iya rufuwa na rabin yini?”

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta murza zaren da ke hannunta. Can ta ce a hankali, “Kuɗin gwamnati ma na mutanen nan ne, Yaya, sai dai ban taɓa ganin fuskokinsu ba. Yau na gani.” Ta wuce ta bar ni tsaye da mai dakan gwanda, wadda ta yi kamar ba ta ji komai ba alhali taɓaryarta ta daɗe da tsayawa.

Aka shiga babban zauren haikali, kowa ya zauna a tabarma ya naɗe ƙafafu gefe guda. Aka ajiye bishiyar a tsakiya. Luang Ta, tsohon malamin haikalinmu, yana zaune a kan dandamalinsa cikin mayafinsa ruwan goro, yana fuskantar jama'a. Ya yi addu'o'insa, aka amsa. Kawu Tongsuk ya karɓi abin magana ya yi ta zuba har ƙafafuna suka mutu, sannan ya miƙa wa Ajan don ta yi godiya kafin a danƙa mata bishiyar.

Ta riƙe abin da hannu biyu. Harshenta na Bangkok yakan sa yara dariya, amma ranar ba wanda ya yi.

“Iyayena, yayyena, ku yi mini haƙuri. Ba ni da magani. Ba zai fito kafin damina ba, ba zai fito baɗi ba. Abin da nake da shi wasu 'yan ƙwayoyi ne a faranti, muna koyon yadda za a gyara su. Yana iya ɗaukar shekara goma, yana iya fin haka. Yana iya ƙarewa ba mu dace ba. Yaran da kuka kawo yau, ba zan iya yi muku alkawarin komai a kansu ba. Ina son kuɗin nan, ba zan ɓoye muku ba, in babu shi za a rufe ɗakinmu. Amma ba abin da aka ce muku za ku saya da shi ba.”

Zauren ya yi tsit, har ana jin tsakar da ke jikin rufi. Kawu Tongsuk ya sunkuyar da kai yana binciken farcen ƙafarsa. Ni ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba ta tsaya nan ba. “Duk wanda ya sa kuɗinsa saboda wancan zancen, ya zo ya cire abinsa. Zan juya baya, ba zan ga kowa ba, ba wanda zai ji kunya. Yaya Pan, ke ma juya.”

A mayar wa mutum sadakarsa, a cikin haikali, gaban Luang Ta! Wannan sai 'yar Bangkok. Na ji wata tsohuwa ta ja numfashi ta haƙora. Amma Ajan ta riga ta juya, ta durƙusa tana fuskantar dandamali, ni ma dole na juya na durƙusa kusa da ita, ina cizon leɓe.

Da farko ba motsi. Sai aka fara raɗa. Na ji muryar Inna a ciki, ƙasa-ƙasa amma da kaifi, irin wadda take kora kaji da ita. Tabarmi suka fara ƙara, ƙafafu suna ja, takardu suna kacau-kacau, bokiti ya gogi siminti. Na rufe ido ina ganin tsinkayen nan ana tsige su ɗaya bayan ɗaya. Hawaye suka zubo mini, na haushi ne zalla. Na saci kallon Luang Ta ko zan karanta wani abu a fuskarsa, tunda shi yana ganin komai. Tsohon nan taunar ganyensa kawai yake, kamar mai kallon ruwan sama.

Ƙafafu suka yi ta raguwa har aka daina jin komai. Muka ci gaba da durƙuso.

“Ku juya haka nan,” in ji Luang Ta, “kar wuyanku ya ƙage.”

Muka juya. Zaure wayam. Ba mutum ko ɗaya, ba bishiya, sai zoben jiƙa da bokitin ya bari a siminti.

“To, Ajan,” na ce, “kin huta. Har bokitin sun tafi da shi.”

Ta dubi zoben jiƙar da ke siminti. Fuskarta ta yi fari, amma ta haɗa tafukanta ta sunkuya wa Luang Ta za ta yi sallama. Shi kuwa ya jawo abin tofar da yawunsa, ya tofa, ya goge baki.

“Ni da ƙafafuna suna da ƙarfi, nakan ɗan taka zuwa gindin tsamiyar can ta bakin hanyar gona,” in ji shi. “Wani lokaci mutum yakan yi tsintuwa.”

Muka dubi juna. Muka fita ta ƙofar baya, takalma a hannu, muka bi 'yar hanyar da ta ratsa bayan makabarta.

Tana nan a gindin tsamiyar, ita kaɗai, bokitinta ya ɗan karkace, takardun suna ta kaɗawa a iska. Farin zanen an kwance shi an rataye a reshe. Wasu 'yan tsinkaye sun zama tsirara, ba su da yawa, ban kuma taɓa tambayar ko na su wane ne ba. Sauran duk suna nan. Ba kowa a wurin. Can daga rumfar girki ana jiyo turmi da shewar mata, kamar ba abin da ya faru.

Na ce ba kowa, amma akwai mutum guda. Kamdi yana zaune a bakin kwalbati yana mayar da numfashi, kugensa a cinya. Ya raka masu ɗaukar bishiyar, komawa ce ta gagare shi.

Ajan ta tsaya nesa da bishiyar, hannayenta a ƙirji. “Ba zan iya ɗauka ba. Ban sani ba ko sun fahimci abin da na ce.”

“Wa zai fahimta?” in ji Kamdi. “Ni ban ga kowa ba. Na zo wucewa na ga an yar da kaya.”

“Kamdi, ba wasa nake ba.”

“Ni ma, Ajan. Kin ce a cire, masu cirewa sun cire. Wannan ba shi da mai shi. Ko kin ɗauka kin koma zaure kina cigiya, ba wanda zai ce nasa ne. Inna ta ce duk wanda ya waiwayo sai ta fasa masa kai da taɓarya, har Kawu Tongsuk.”

“In na ɗauka na ci bashin mutanen nan.”

“Wane bashi? Abin tsintuwa ne. Ba a miƙa miki ba, ba ki yi wa kowa alkawari ba. Ai don haka aka kawo shi nan.”

Ta matso ta tsuguna a gabansa, siket ɗin siliki a cikin ƙura. “Kai fa? Jininka ne. Ka ji abin da na ce a ciki. Ba ka ji haushina ba?”

Ya ɗaga kafaɗa. “Tun ban fi tsayin bokitin can ba likitoci ke shafa kaina suna cewa ya kusa. Yau ne karo na farko da wata ta dube ni ta ce ba ta sani ba. Sai na ji kamar an ɗauke ni babban mutum.” Ya leƙa ta bayan kafaɗarta. “Amma in za ki yi tunani ki yi da sauri, ga wata mai tsintuwar nan tafe.”

Saniyar Kawu Tongsuk ce, fara mai dogayen kunnuwa, ta tsinko igiyarta ta hango kututturen ayaba. Tafe take kai tsaye, ba ta da wata shakka a ranta game da wanda ya cancanta.

Ban taɓa sanin Ajan ta iya gudu ba. Ta watsar da takalma, ta tattare siliki, ta riga saniyar da taki ɗaya, ta rungume bokitin ta ɗaga, tsinkaye na sukar ta a haɓa. Saniya ta miƙa harshe ta kamo ganye guda, ni kuma na bi ta da kara ina zagin ta da mai ita. Kamdi ya kwanta a kan kwalbati yana dariya yana buga kuge. Sai ga shewa ta tashi daga bayan shingen rumfar girki, inda ashe duk garin ke laɓe, waɗanda aka ce kar su waiwayo.

Haka Ajan ta shigo rumfar, bishiya a rungume, ƙafa ba takalmi, gashi a wargaje. Ba wanda ya yi mata zancen kuɗi. Aka matsa mata wuri a tabarma, aka tura mata kwandon shinkafa. Inna ta daka mata kwaɗon gwanda na musamman da barkono ɗaya tak, duk da haka sai da ta yi hawaye, ta ce barkonon ne. Kawu Tongsuk ya zo ya zauna kusa da ita yana ba ta labarin yadda tun farko shi ya tsara a yi abin irin na zamanin da. Lamduan kam ba ta tsaya cin abinci ba. Na hango ta ta ɗora 'yarta a babur ta tafi, ban kuma ga laifinta ba. Ajan ma ta gani, ta bi babur ɗin da ido har ya sha kwana.

Abin da aka tara ya isa gwamnati ta ɗora nata, ta kuwa ɗora, ba a rufe ɗakinmu ba. Amma wannan daga baya ne. A ranar dai, da rana ta yi sanyi, muka kwantar da kujerar baya muka shigar da bishiyar, muka ɗauki Kamdi don washegari ranar ƙarin jininsa ce. Ya zauna a baya yana tallafe da bokitin kar ya kife. Ajan na tuƙi, ni ina gefe, har lokacin ban gama huce fushina da ita ba, ko da yake na ɓare mata lemo na miƙa mata.

Mun yi nisa cikin gonaki sai Kamdi ya taɓo kafaɗata.

“Yaya Pan, wa ya ba ni abinci yau?”

“Ɗalibar Ajan.”

“Ta iya kuwa? Kar ta shaƙe ni.”

“Ta fi ka hankali.”

Ya gyara wani tsinke da ya karkace.

“Ajan ta ce shekara goma ko fiye,” in ji shi. “Ni dai kin san lissafina. In na riga su tafiya, kar ki ce kin gaji. Ki ci gaba da ba ni abinci.”

Na juya na dube shi, ban zage shi kamar yadda na saba ba. Ajan ta ƙura wa hanya ido, ta ƙara riƙe sitiyari.

“Da safe,” na ce, “kafin in sa wa cikina komai.”

“Yauwa,” in ji shi. Ya jingina kansa da bokitin ya yi barcinsa har Khon Kaen.